Taƙi Ɗaya Tsakanin Motarku da Ɗakin Inna

Zuwa ga Babban Manaja,
Kamfanin sayar da motoci masu caji da shan mai,
Birnin Kano.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da dukkan ma'aikatanka, har da mai gadin nan da ya ba ni kujera a inuwa ranar da na zo. Ya aiki, ya fama da jama'a? Allah ya taimaka.

Sunana Alhaji Sabi'u, tsohon malamin gona, yanzu kuma manomin shinkafa da albasa a Rurum Tsohon Gari, ƙaramar hukumar Rano. Da gangan na ƙi rubuta sunan kamfaninku, domin ba tozarta ku na zo yi ba. Cinikinmu yana nan, kuma har gobe ina son motata. Kun san kanku, ni ma kun san ni: ni ne dattijon nan da ya shigo muku da igiyar guga a hammata. Abin da ya sa na fito da maganar fili shi ne na buga waya har na gaji, na aiko da takarda ta hannun direban motar haya, shiru kake ji. Ga kuma mutane a Rano da Kibiya da suka zuba ido su ga yadda zan ƙare kafin su kawo nasu kuɗin.

Kukana gajere ne. Na ba da odar mota a wurinku, har yau ba ku faɗa mini ƙirar wace shekara za ta zo ba, ta bana ko ta baɗi. An ce bambancin tsawonsu zai kai taƙi ɗaya. A wurinku taƙi ba komai ba ne. A gidana, abin da ke bayan wannan taƙin shi ne ɗakin mahaifiyata, kuma ta fara ɗaure kayanta.

Na ɗaya: yadda aka yi cinikin.

'Yata Safiya, wadda ke aikin jinya a Kano, ita ta fara ba ni labarin motar da ake jona wa wuta kamar waya, idan batir ya ƙare kuma ta koma kan fetur ba tare da direba ya tsaya ba. Na yi dariya, na ce yaran zamani ba sa rasa labari. Amma da na zauna na yi tunani sai na ga abin nawa ne. Ina da sola a gida, wadda da tsakar rana wutarta ke tafiya a banza. Ina kuma da Inna, mahaifiyata, wadda ta haura tamanin, kuma kowane wata sai na kai ta Kano ganin likita saboda gwiwa da hawan jini. Tsohuwar motata tana kai mu, Allah ya saka mata, amma ƙararta da warin manta sukan sa Inna ta yi kwana biyu a kwance bayan mun dawo.

Ana saura mako ɗaya azumi na zo wurinku. Ma'aikacinku mai farin gilashi ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya zaunar da ni a wata mota ruwan toka, ya ce in danna maɓalli. Na danna, ban ji komai ba. Na sake dannawa. Na kuma dannawa. Ashe kunnawa nake ina kashewa. Sai da ya dafa hannuna ya ce, "Baba, ai tana kunne," sannan na saki birki, motar ta zame da ni ba ko tari. Ba zan ɓoye maka ba, a nan take na kamu.

Kafin in biya sai na warware igiyata. Na sa ma'aikacin ya riƙe bakinta a hancin motar, na ja har wutsiya, na ƙulla. Na auna faɗi daga madubi zuwa madubi, na ƙulla. Na auna daga hanci zuwa ƙofar cajin da ke gefen hagu, na ƙulla. 'Yan matan da ke kan tebur suna ta rufe baki, wata har da ɗaukata a waya. Ban damu ba. Da igiya na auna gonakin rabin mutanen yankinmu lokacin ina aiki, ba a taɓa kai ni gaban dagaci ba.

Na biya rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami, aka ba ni rasit mai hatimi, aka ce nan da wata uku motar za ta iso. Na tambaya, "Irin wannan ce sak?" Aka ce irinta ce sak.

Na biyu: ginin da na yi bisa maganarku.

Ranka ya daɗe, ban san ko ka taɓa zuwa tsohon gari irin namu ba. Lungunanmu ba don mota aka yanka su ba. Safe da yamma shanun maƙwabcina Malam Buba suna bi ta ƙofar gidana, kuma ƙahonninsu sun riga sun yi wa tsohuwar motata zane iri-iri. Ita dai ta saba. Amma sabuwa ba za ta kwana a waje ba, balle ga wayar caji da za a shimfiɗa a hanyar kofato.

Wuri ɗaya ne tak a gidan da mota za ta iya shiga, wato inda tsohon rumbunmu yake, tsakanin katangar waje da bayan ɗakin Inna. Na rushe rumbun, na kira birkila, Malam Ɗanjuma, na miƙa masa igiya. Ya shimfiɗa ta ƙasa, ya duba ƙulli, ya duba bango, ya ce motar za ta shiga a rufe ƙofa, har a sami rarar tafin hannu guda. Ta gaba ba halin ƙari, domin mai unguwa ya zo da kansa ya ja layi da sandarsa, ya ce daga nan hanyar amalanke ce. Ta baya kuwa bangon Inna ne. Na ce tafin hannu ya ishe ni, shekara talatin ina tuƙi.

Aka zuba bulo, aka yi daɓen siminti, aka ɗora linta. Mai gyaran wuta ya zo daga Rano ya ja waya daga inbatar solata, ya kafa soket a bangon hagu daidai ƙulli na uku. Duk unguwa ta zo kallo. Wasu na cewa Alhaji zai buɗe shagon cajin waya, wasu na cewa injin niƙa ne. Malam Buba ya leƙa ya daɗe yana kallon soket ɗin, sannan ya tambaye ni ko motar tana shan wutar a tsaye ne ko sai ta kwanta. Na ce in ta zo zai gani.

Na uku: labarin ƙirar baɗi.

Bayan ƙaramar Sallah Safiya ta zo gida, ta nuna mini hoto a wayarta. Masu ƙera motar sun fito da sabon samfuri, kuma an ce sun daina ƙera wanda na gani. A lokacin ne na fara sanin cewa shekarar masu mota ba ta jiran shekarar mutane. Muna tsakiyar bana, su sun shiga baɗi tuntuni.

Na ce ta duba mini tsawonta. Ta duba, sai ga awo kala uku: wanda ake kai wa ƙasashen Larabawa daban, na Turai daban, na ƙasar da ake ƙera ta daban. Babu wanda ya ce ga wadda za a kawo Kano. Sai na ɗauki waya na kira ofishinku, kuma ga amsoshin da na samu, yadda aka ba ni su.

Kira na farko, mai farin gilashi ya ce, "Baba, kwantar da hankalinka, duk ɗaya ne, fitila kawai suka canza."

Kira na biyu, bayan kwana huɗu, wata baiwar Allah ta ce an ƙara girman batir, saboda haka an ɗan ƙara wa motar tsawo, "kamar taƙi haka," kuma in yi murna domin ƙari na samu.

Kira na uku, wani mai murya irin ta manya ya ce bai san maganar tsawo ba, amma ya ji an mayar da ƙofar caji baya, ta hannun dama. Da na tambaye shi wacce za a kawo mini, sai ya ce duk wadda jirgi ya sauke.

Na ɗauko rasit ɗina na sa tabarau. Sunan mota yana nan. Launi yana nan, ruwan toka. Har da irin fatar kujera an rubuta. Shekarar ƙira kuwa babu ita ko a gefe.

A nan zan faɗi nawa laifin, don kada a ce dattijo ya rufe ido a kan nasa. Ni a kara, kasuwar shanu, na koyi ciniki. Idan na dafa sa na biya kafin alƙalami, san nan shi zan ja zuwa gida, ba wani ɗan'uwansa da ba a haifa ba. Ban taɓa kawo wa raina cewa abin da na auna da hannuna samfurin nuni ne kawai ba. Da na san haka, da na yi tambaya kafin in sayi bulo ko guda. Amma ku kun sani. Aikinku ke nan kullum. Kun ga mutum yana rarrafe a gaban motarku da igiya, kun san gini zai yi, kuma ba wanda ya ce masa, "Baba, dakata, akwai sabuwa a hanya."

Zan kuma faɗi wata gaskiyar. Sabuwar ta shiga raina. An ce batirinta ya fi nisan zango, an ce har tana iya ba gida wuta a kunna firji. Na yi kwanaki ina ƙiyasta kaina a cikinta ina wuce gidan mai a Rano ina ɗaga wa yaran hannu. Maganar soket ba ta dame ni ba, wannan aikin rabin yini ne. Tsawon ne ya tsaya mini a wuya.

Na huɗu, kuma shi ne dalilin wannan takarda: Inna.

Malam Ɗanjuma mutumin kirki ne, amma Allah bai ba shi ƙaramar murya ba. Da na gaya masa halin da ake ciki, sai ya tsaya a tsakar gida ya ce, "To Alhaji, in dai ta ƙaru da taƙi, sai dai a ci ɗakin Inna." Ginin ƙasa ne, na soro, ba a yanke masa taƙi a bar saura. In an taɓa bangon baya, rufin ya tafi. Inna tana zaune a bakin ƙofarta tana gyaran zogale. Ba ta ɗago kai ba.

Sai in yi maka bayani, ko da yake na san kai ma ɗan gida ne. Ni ne ɗanta na fari. Tun da aka haife ni, shekara sittin da 'yan kai, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta kallona ido cikin ido, ba ta zama hira da ni, kuma ba ta taɓa roƙona ko da goro ba. In na gaishe ta, bango take amsa wa. In tana da magana, sai ta aiko jika: "Ki gaya wa mai gidan nan." A mota ma baya take zama, ta juya fuska waje, daga Rurum har Kano. Kunyar ɗan fari ke nan irin ta mutanen da, kuma ni ban taɓa ganinta a matsayin rashin so ba. Duk gidan an san idan na yi tafiya ba ta cin abincin kirki sai ta ji ƙarar motata a lungu.

A wannan ɗakin aka kawo ta amarya. A ciki aka haife ni, a ciki mahaifina ya cika. Sau biyu ina gina mata ɗakin siminti mai fanka, sau biyu tana zuba buhunan gero a ciki.

Washegarin maganar birkila, sai na ga an fito da kwallayenta an wanke an kife a rana. Kwana biyu bayan haka ta ɗaure tabarmi da buzu. Na aika Safiya ta tambaya. Amsar da ta dawo da ita ita ce, "Ki gaya masa Tarai zan koma wurin Rabi. Ɗakin nan dama ya tsufa. Ba da ni za a ce ya sayi mota ya rasa inda zai sa ta ba." Rabi ƙanwata ce, tana aure a Tarai ta ƙasar Kibiya.

Na ce a gaya mata ba wanda zai taɓa ɗakinta. Ta ce a gaya mini ta ji. Ta ci gaba da ɗauri. Na ce a gaya mata in sabuwar ta fi tsawo na fasa, tsohuwar ƙirar nake so. Ta ce a gaya mini kada in yi mata ƙarya da furfurata, ta ga yadda nake kallon hoton a wayar yarinya. Na je da kaina na durƙusa a bakin ƙofa na yi bayani tun daga farko. Ta saurara tana kallon bango, da na gama ta ce wa Safiya, "Ki ce masa shayinsa na hucewa."

Abin da dariya, kuma mun yi dariyar, har Rabi ta bugo waya tana tsokanata wai in shirya kuɗin mota in riƙa zuwa gaisuwa Tarai. Amma ni ban ɗauki abin da wasa ba. Na san Inna. Ba za ta taɓa yarda a ce ɗanta na fari ya bar abin da yake so saboda ita ba. Gara ta kwashi tsufanta ta bar garin da ta yi shekara sittin da wani abu a ciki. Don ita na nemi motar nan, ga shi motar tana neman fitar da ita daga gida tun ba ta iso ba.

Abu guda Safiya ta iya samowa daga bakinta. Ta ce in dai masu motar da kansu suka rubuto, da hatiminsu, cewa wadda za su kawo za ta shiga wurin ba sai an rushe komai ba, to za ta kwance kayanta. Inna ba ta karatun boko, amma tana girmama hatimi. Maganata ba ta isa ba, taku ce za ta isa.

Na biyar: abin da nake roƙo.

Ina roƙon ka rubuto mini, a takardar kamfani, ƙirar shekarar da aka yi mini oda. In ba ku sani ba, ku tambayi waɗanda suka loda ta a jirgi, ai ba a rufe ido aka loda ta ba.

Ka rubuto tsawonta da faɗinta har da madubai, da gefen da ƙofar caji take. Ku rubuta da inci, Malam Ɗanjuma yana da tif, igiya dai na ajiye ta.

In sabuwar ba ta wuce ta bana da fiye da tafin hannu ba, ina so, kuma na gode. In ta wuce, ku nemo mini ta bana, ko da ita ce ta ƙarshe a ƙasar nan, ko da wadda na dinga kunnawa ina kashewa ce. Sai dai ku tabbatar mini a rubuce cewa za a ci gaba da samun kayan gyaranta da batirinta, kuma ku dubi farashin da idon adalci, tunda ku da kanku kun mayar da ita ta bara. In duka biyun ba za su yiwu ba, ku faɗa mini gaskiya mu rabu lafiya, tsohuwar motata ba ta mutu ba.

Sannan don waɗanda ke bayana: ku ƙara layi ɗaya a rasit ɗinku na shekarar ƙira. Ku umarci ma'aikatanku duk wanda ya zo oda a gaya masa in akwai sabon samfuri a hanya, da abin da ya canza, da lokacin da ake sa ran zuwansa, ya zaɓa da idonsa a buɗe. Wani zai ce a ba shi ta yanzu, wani zai ce zai jira. Ku kuma haɗa bakinsu wuri guda, kada mutum ya kira sau uku ya sami motoci uku. 'Yan'uwana na Rano da Kibiya kuma, kada wanda ya sayi siminti sai ya ga shekara a takarda.

Ranka ya daɗe, lokaci ya ƙure mini. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, gini yana tsaye ba rufi. Mijin Rabi kuma ya riga ya yi magana da mai a-kori-kura, Inna ta sa masa ranar Juma'a ta sama bayan an sauko daga masallaci. Takardar da nake nema ba za ta ci maka minti goma ba. In aikawa ce matsala, ka bugo waya kawai, ni zan zo da kaina in karɓa. Abin da na fi roƙo shi ne a danna hatimin da kyau ya fito sosai, domin idonta ya yi rauni, da yatsa za ta shafa.

Ban riƙe ku a zuciya ba. Allah ya buɗa kasuwarku, ya sa motocinku su cika hanyar Rano har mu manta da layin gidan mai. Allah ya ba ka ikon yin adalci ga na kusa da na nesa. In mahaifiyarka tana raye, Allah ya ƙara mata lafiya, ya bar maka ita a ɗakinta, inda za ka leƙa da safe ka gaishe ta ko da bango za ta amsa wa. In ta riga mu, Allah ya jiƙanta, kuma ka fi ni sanin abin da nake tsoro.

Wassalam.

Naka mai jiran amsa,
Alhaji Sabi'u, tsohon malamin gona,
Rurum Tsohon Gari.